Gwangwanin Njidda

Ni ne ma'ajin ƙungiya, mai hannu ɗaya.
Ɗayan, injin gurzar auduga a Garwa
ya tafi da shi wata Talata.
Kamfani ya aiko da buhun shinkafa da sannu.
Njidda ne ya sungumi buhun a ka,
ya dire shi ƙofar ofishin darakta,
ya ce, "A auna mana, hannu kilo nawa ne?"

Ɗan dako ne a lokacin, gemu bai tsiro ba.
A takardar albashi ya koyi Faransanci,
baƙi bayan baƙi, gindin fitilar tasha,
har ya gano layin da ake yankar mu.

Gwangwanin madara muka huda,
kowa dala ashirin ƙarshen wata.
Bafulatani, Batupuri, Bahaushe,
gwangwani bai tambayi
wa ke masallaci, wa ke coci ba.

Kwana goma sha tara muna yaji.
Motocin auduga suka jeru har gadar Binuwai.
Matanmu suka sayar da tasoshin jere.
Jandarmomi suka zo masa kafin kiran assalatu;
da ya dawo, haƙora biyu babu,
murya kuwa tana nan.
Sai aka yi masa tayin babur da kujerar helma.
Ya ce ƙafarsa ba ta kai ƙara ba tukuna.

Kada a ce na mai da shi waliyyi.
Ƙarin kashi goma muka nema,
ya sa hannu a kan huɗu.
Samari suka ce an saye shi.
Ni ma wata biyu ban amsa sallamarsa ba.
Lissafin gwangwani kaɗai na sani;
shi yana ƙirga gidajen
da suka kwana uku ba hayaƙi.

Shekara bakwai yana rigimar takunkumin hanci.
Da aka raba, nasa bai yi masa rana ba:
auduga ta riga ta yi sheƙa a ƙirjinsa.
Tari ya karɓe masa lasifika.

Ranar da muka kai shi, jiniya ta yi kuka ƙarfe biyu,
ba wanda ya shiga.
Ƙarshen wata aka yanke mana awa uku.

Na duba layin, kamar yadda ya koya mini.
Biyu da rabi muka yi.
Gobe zan kai musu takarda.