Lambar da Ba Ta San Bashi Ba

Jiya sandar awo a gindin gada
ta ce arba'in.
Yau, talatin da bakwai.
Kogin Kaduna ya ja baya da uku,
har masu wanki sun sami dutsen shanya.

Na ba na'ura ta ɗebe mini.
Ta ce: ɗari biyu da hamsin da uku.

Gabana ya faɗi.
Na tuna Kabala, gidan Goggo Tabawa,
katangar da ruwan bara ya yi wa zane.
Saura ƙiris in ce a kwashe yara.

Hansatu ta leƙo, shayi a hannu.
"A wane gida ka ajiye lambar?"
Mai gurbi takwas.
"Marar alama?"
Na yi shiru.

Ashe wannan lamba ba ta san bashi ba.
In ta zame ƙasan sifiri
sai ta ɓullo ta rufin ɗaki
tana taƙamar ita ce attajirar unguwa.
'Yar'uwarta kuwa ta ba da gurbi guda,
rabin tsawonta ke nan,
don kawai ta iya cewa: ana bi na.

Na sauya kalma ɗaya a layi na sha tara.
Alamar ragi ta fito gaban uku,
siririya kamar tsinken sakace.

Kogi na ta tafiyarsa,
bai san an yi masa ƙazafi ba.
Ni ne na tuna
tun watan jiya mai shagon Kawo
yake gaishe ni da ƙarfi.