Mariƙin Buta

Malam Sada ya juya takardata sama da ƙasa,
ya ce, "Butar ta yi kyau, Mannir,
amma wa zai ɗauke ta? Aljani?
Mariƙin nan bai taɓa jin labarin yatsa ba."
Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, a makare.

Ya tura ni Ƙofar Guga
da fensir biyu da littafi mai fararen shafuka.
"Bar zana kaya. Je ka zano masu ɗaukar kaya."

Kwana uku mutanena na fitowa kamar buhunan gero,
kafaɗa a mazaunin wuya,
gwiwa na kallon Jibiya, ƙafa ta nufi Daura.
Wani yaro ya leƙo, ya tambaye ni
ko raƙumi ne.

Rana ta huɗu Bara'u mai kurar ruwa ya zo wucewa,
jarka goma sha biyu, ga hawan kwalbati.
Sai na ga nauyin bai tsaya a hannunsa ba,
ya bi gwiwar hannu, ya haye kafaɗa,
ya gangaro ta gadon baya
ya sauka a babban yatsan ƙafar hagu,
daidai inda silifas ɗinsa ya cinye.
Layi ɗaya na ja kafin ya sha kwana.
Fuskarsa ban zana ba, ba ita na zo nema ba.

Da asuba Gwaggo Barira za ta yi alwala.
Sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu uku,
sai ta tallabi butar da tafi biyu
kamar mai lallashin kaza.
Shekara ashirin ina gidan nan
ban taɓa lura ba.
Na ce, "Gwaggo, tsaya haka."
Ta ce, "Ruwana zai huce, ɗan nema."
Amma ta tsaya.

Yanzu da hannu nake farawa,
buta ta zo daga baya ta same shi.
Mariƙin ya yi kauri, ya karkata,
ya ma ɗan yi muni.

Malam Sada ya daɗe yana kallo.
Ya ɗora yatsunsa a kan takardar
kamar zai ɗauka.
Bai yaba ba. Ya ƙwanƙwasa murfin da farce:
"To, wannan kuma, da haƙori za ta buɗe shi?"