Ta Goma Sha Bakwai

A mashigar ƙauyen Ada akwai wani allo,
ba sunan kowa a jiki, lamba ce kaɗai:
kuina nawa mota ta take a bana.
Talatar da ya tashi daga sha shida
ya koma sha bakwai,
ni na san wanda ya jawo.

Kifi nake kaiwa Nago, ƙanƙara na narkewa a baya,
an kwana ana ruwa, gari bai gama wayewa ba,
ƙafata ta yi nauyi a kan totur.
Jan baki na hango, jajayen ƙafafu,
ƙirji mai ratsin baƙi da fari,
sai tim,
ƙarar ba ta kai ta faɗuwar lemo daga reshe ba.

Tsuntsuwa ce da ba ta tashi.
Kakanninta sun yi zamansu a dajin Yanbaru
ba kyanwa, ba kwalta,
to tashin me za su koya?
Duk faɗin duniya ba ta da gida
sai wannan ɗan tsinin tsibiri.

Na naɗe ta a tawul ɗin wuyana, da sauran ɗuminta.
Likita Gushiken ta juya ta a hankali:
"Dubi cikinta, ba gashi. Kwanci take yi."
Ba ta ƙara ba.
Ni ma ban tambayi ƙwai nawa ba.

Tsohuwa Kamado ce ta miƙo mini tsintsiya.
"Hawaye ba ya share kwata," in ji ta.
Ganye na taruwa a kwata, tana na taruwa a ganye,
tana ce ke kiran su bakin titi.
Yanzu duk Lahadi mu bakwai ne, wani lokacin huɗu,
muna kwashe ruɓaɓɓen ganye mu mayar wa daji.

Ma'aikata sun ja shinge a gefen hanya,
sun sassaƙa 'yar matakala a kwata saboda 'yan tsaki,
sun huda hanya ta ƙarƙashin kwalta.
Mako uku kyamarar ramin
ba ta ɗauki kowa ba sai ƙaguwa
da wani maciji marar gaggawa.
A na huɗu jikata Chiharu ta shigo da gudu, ko takalmi ba ta cire ba.

Na koma fita tun da sauran duhu,
allurar gudu ba ta wuce talatin a kwanar nan.
Yaron da ke bayana ya yi ta danna ham, ya gaji.
Nakandakari mai sayen kifi yana duba agogo,
na bar shi da agogonsa.

Jiya wata ta tsallaka gabana,
'ya'ya biyu baƙaƙe kamar gawayi na bin ta.
Na taka burki, na jira.
Ko kallona ba ta yi ba.

Allon ya kai ashirin da ɗaya yanzu.
Huɗun nan ba nawa ba ne.
Amma in na zo wucewa
sai na karanta.