Agogon Rabe

Takarda ta zo daga Sakatariya ran Talata,
da hatimi ja kamar bakin mai cin goro:
a lissafo duk ajiyar da ta daɗe
mai ita bai waiwayo ba.
Suna, adadi, ranar da aka ga ƙeyarsa.

Ni gyaran agogo nake a Ƙofar Guga,
shago taku huɗu, akwatin ƙarfe ɗaya.
Na buɗe shi bayan la'asar.

Ga na Rabe direba. Ya ba da rabin kuɗi,
ya ce bari ya sauke gero a Jibiya ya dawo.
Damina biyar ke nan.
Ga na Indo malamar asibiti, ruwan zinarin ya koɗe,
an ce aiki ya mai da ta Funtuwa.
Ga wani da ban ko tambayi mai shi suna ba,
dogo ne, yana sauri.

Gurbin adireshi na bar shi fari.
In rubuta gindin dalbejiya? An sare ta bara.

Yaron ofis ya ce, Baba, sauke nauyi ne,
hukuma za ta riƙe har magada su ɓullo.
Na sani, ɗana.
Amana ba ta ruɓa, mai riƙon ta ke tsufa.

Na cike takarda, na sa hannu.
Sai dai babu layin da zan shaida wa ma'aji
cewa na Rabe sai an wana shi kowace asuba,
in an manta
ya tsaya.