Littafin Baƙi

Shekara goma sha tara ina riƙe da hatimin unguwa,
ni Ba Kaung, magatakarda, ɗan mai fiton kogin Chindwin.
Na buga shi a takardar haihuwa,
na buga shi a sulhun rigimar kwata
tsakanin mai shayi da mai gyaran keke,
har tawada ta yi gida a babban yatsana, sabulu ya haƙura.

Mai unguwarmu, gida goma-goma aka taru aka zaɓe shi.
Asubar da rediyo ta sauya murya
sai ga wani a bayan koriyar mota,
aka ce ga sabo.
Kujera ba ta yi gardama ba.
Kujera ba ta zaɓen mazauni.

Kyaftin ya ajiye hularsa a kan taswirar magudanan ruwa,
ya tofar da jan yawu ta taga,
ya turo mini littafi mai baƙin bango:
duk wanda ya kwana inda ba gidansa ba,
sunansa, sunan ubansa, abin da ya kawo shi.

Ƙarfe takwas na dare
Daw Saw Yin ta fito baranda da tukunyar shinkafarta.
Gwau! Gwau!
Layi ya amsa, kasuwa ta amsa,
har karnukan bayan haikali suka sa baki.
Ni ina zaune a duhu da cokali a hannu,
ban buga ba, ban ajiye ba.

Na san wanda ke kwana a ƙarƙashin benenta.
Pyae Sone, malamin lissafi,
da ya rataye makullin aji a ƙofa ya ce ba ya koyarwa da bindiga a tsakar makaranta.
Ni na buga hatimin haihuwarsa,
ranar ana ruwa, ubansa ya shigo da laima mai ɓaraka
yana dariya kamar an ba shi gari.

Da safe kyaftin ya sa yatsa a layi:
gida na sha bakwai fa?
Fanka ta tsaya, babu wuta.
Na ji zufa na bin bayana tana ƙirga ƙasusuwa.
Ashe ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na tsoma alƙalami, na rubuta:
tsohuwa ɗaya, kyanwa ɗaya, babu baƙo.
Na buga hatimi.
Bai taɓa yin nauyi irin na ranar ba.

Kada ku ce jarumi.
Maƙwabta sun daina gaishe ni,
mai shayi yana ba ni kofi yana kallon bango,
an shafa jan fenti a ƙyaurena da dare.
Can ana ce mini karen soja,
nan ana auna wuyana da ido.

Jiya Daw Saw Yin ta zo neman takardar izinin sayen shinkafa.
Ba ta dube ni ba.
Da ta fita, na ga ta bar abu a kan benci,
a naɗe da tsohuwar jarida:
murfin tukunya ne,
duk ya lotse.

Yana ƙarƙashin teburina, kusa da littafin.
Yanzu takwas saura kwata.