Kwafi na Goma Sha Bakwai

Yaron mai injin kwafi a bakin Gidan Murtala
ya san ni har ya daina tambaya.
Da ya hango jakata mai ruwan ƙasa
sai ya tashi ya ja janareta.
"Guda nawa yau, Mama?"
Uku. Ɗaya ta ofis, ɗaya ta banki,
ɗaya ta wanda zai ce ta farkon ta ɓace.

Takardar mutuwar Saje Mamuda ce.
Ta ainihin tana ƙasan adaka, naɗe cikin zanen lefena,
ba na son hannu mai maiƙo ya taɓa ta.
Kwafi nake yi wa kwafi,
kowanne ya fito ya fi na baya koɗewa.
Bana harafin ƙarshe na sunansa ya tafi,
lambar aikinsa ta koma kamar sawun tururuwa.

Duk farkon zango sai na je na sake shaida musu ya mutu.
Daga Kurna, adaidaita biyu,
sannan benci, sannan jira.
Akawu Tsalha ya gyara tabarau:
"Har yanzu dai marigayin ne?"
Ba da mugunta ya faɗa ba, haka layin fom ɗin yake.
Na ce, har yanzu.
Ya buga hatimi.

Kuɗin in sun zo, da nauyinsu suke zuwa,
sai na kai su Wapa su rame.
Alhaji Ɗanliti ya danna kalkuleta ya juyo min da fuskarta,
abin da ya cika jaka
ya koma 'yan ganye da ba su cika ambulan ba.
Watan da suka makara na sayar da firji,
sanyin ruwa ba farilla ba ne.

Barira tana Indiya, shekara ta uku.
Tana sallar la'asar, mu nan ko azahar ba a kira ba.
Ta ce shinkafarsu ba ta riƙe ciki,
ta ce in aika kuka da daddawa in an sami mai zuwa.
Tana da shekara tara aka kawo mana takalmansa da agogo.
Agogon yana hannunta yanzu,
ta ƙi juya shi, lokacin Kano yake bugawa.

Maƙwabciyata Uwale ta ce, "Kun dace,
karatu a waje, ba ko sisinku."
Na yi shiru, na ci gaba da tsince wake.
Adashi ne, Uwale.
Shi ya yi zubi, gaba ɗaya, rana guda,
ɗauka ta faɗo kan 'yarsa.

Ƙera ƙafar roba take koyo, da hannu.
Ban tambaye ta dalili ba, na sani.
Kofur Tanimu, wanda suka tafi mota ɗaya da babanta,
yana nan Ƙofar Ruwa yana sayar da ƙusa da kwaɗo,
ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe da fil.
Shi ya faɗa mana akwai wannan haƙƙin,
shi ya raka ni ofis ranar farko, da sandunansa,
hawa uku, babu wuta.

Jiya ta ce, "Umma, a auno min ƙafar Baba Tanimu."
Na je. Ya yi dariya har ya share ido.
Telan da ke kusa da rumfarsa ya ciro tef daga wuya,
ya durƙusa, yana auna yana faɗa:
kauri kaza, daga gwiwa zuwa inda ta tsaya kaza.
Na laluba jaka, ba ni da takardar rubutu
sai kwafin nan.

Na juya bayansa, fari tas,
na ce wa telan ya maimaita a hankali.