Ramin da Ba a Nemi Ruwa Ba

Shekara talatin da ɗaya ina shiga ƙasa da raina,
diga a hannu, igiya a ƙugu.
Daga Kakuri har Nasarawa
da wuya layin da ban bar masa bakin rijiya ba.
Duk wanda ya kira ni, ruwa yake so.
Ban da ita.

Injiniya Ladidi, 'yar Tanimu mai kula da tukunyar tururi
a masaƙar da ta yi shiru tun tana goye,
ta zo da takarda a naɗe, takalminta duk jar ƙasa.
Ta ce, "Baba Mato, bayan asibiti za ka haƙa mini,
gaba biyu zurfi, taku sittin tsawo."
Na ce, a kwance? Me ake nema?
Ta ce, "Sanyi."

Na yi dariya har Ilu ya saki guga.

Kwana goma sha tara muka yi.
Marmara ta cinye mini bakin diga biyu,
na ce a ƙara kuɗi, ta ce babu,
na yi fushin yini ɗaya, na dawo.
Mai shayi ya ce zinariya ce suke ɓoyewa.
Mai faci ya rantse mai za a sato daga matata.
Wata tsohuwa ta leƙa, ta yi salati,
ta tambaya wa ya rasu da tsawo haka.

Sai ga baƙar mesa, nannaɗe kamar hanjin rago,
muka shimfiɗa ta, muka rufe.
Wai ruwa zai riƙa zagaya cikinta, ba ya fita, ba a sha,
ɗan aike ne kawai:
ya ɗauko zafin ɗaki ya kai wa ƙasa ajiya,
ya koma da hannu mai sanyi.
Injin da ke tura shi bai kai janareton mai aski ƙara ba,
faranti shida na hasken rana ke ciyar da shi.
"In watan sanyi ya kama," in ji ta,
"sai mu juya aiken, mu karɓo ɗumi."
Na ce ƙasa dai ba ta musun ajiya,
wannan ko ni shaida ne.

Mahaɗa ɗaya ta yi yoyo.
Muka sake tonewa, tana cizon leɓe,
ni kuwa ban ce komai ba, sai da yamma, ga matata.

Abin da ban faɗa mata ba:
na san sanyin nan tun ba a haife ta ba.
Tsakar rana a bazara, kwalta na kama takalmi,
ni ina can ƙasa, gumi na bushewa a bayana,
ina jin sama kamar labarin wani gari.
Kakata ma ta sani,
da take binne randa cikin yashi har wuya.
Sai dai mu zuwa muke wurinsa.
Ban taɓa zaton yana bin mutum ɗaki ba.

Ranar da aka kunna, Sista Asabe ta kira ni
ɗakin haihuwa, kafin a kawo kowa.
Gado huɗu, labule kore, fanka a tsaye cak.
Na cire hula.
Ba irin na banki ba ne, mai sara a ƙashi.
Lallausa ne, mai haƙuri,
na gaba biyu.
Na ce masa, ashe kai ne.

Yanzu alayyafo ne a kan ramin,
awaki na ratsawa ba su san komai ba.
Matar Ilu ta sauka a can cikin watan huɗu,
ya ce jaririyar ta yi barci har la'asar, ba ƙurajen zafi.

Ni kuma in na wuce ta bayan katangar
nakan ɗan rage sauri,
in taka a hankali.